Wakilin wata tashar waje na son in yi masa jagora, in karɓa?

Ƙanin Kowa: Salamu alaikum. Wani wakilin tashar talabijin ta ƙasar waje zai zo ɗaukar rahoto kan 'yan gudun hijira, yana son in zama tafintansa kuma ɗan jagora na mako biyu. Duk a WhatsApp muka yi magana, ba takarda, kuma sai na ɗauki hutu a wurin koyarwa. In dage sai an rubuta yarjejeniya? Kuma sunana, a sa shi a rahoton ko a ɓoye?

Sarkin Zolaya: Dala ce fa. Ni ko jakar kyamara suke neman mai ɗauka, ga ni.

Tsohon Tafinta: Ƙanena, zauna ka ji. Na yi wa wani kwana tara. Ni na nemo masa wata baiwar Allah da aka kashe mijinta, ni na lallashe ta, na rantse mata za a rufe fuskarta, don haka ya ce mini. Rahoto ya fito, ga fuska ƙuru-ƙuru. Shi lokacin ya daɗe da hawa jirgi. Ƙofata 'yan uwanta suka zo, ba tasa ba. Kuɗin ma rabi ya iso, bayan wata huɗu. Har yau kunyar matar nan nake ji.

Uwar Biyu: Allah ya kyauta, Baba. Amma ni kullum da yamma ake biya na, har da kuɗin mota.

Ɗan Rahoto: Wace rana? Sai rahoto ya fita ake biya. In edita ya ajiye shi, ka yi aikin Allah.

Malam Nazari: Kuɗi ne ƙaramar magana. A 2007 a Afghanistan Taliban suka kama ɗan jaridar Italiya Daniele Mastrogiacomo da tafintansa Ajmal Naqshbandi. Aka saki fursunonin Taliban biyar aka karɓo Baturen, Ajmal kuwa aka kashe shi. A 2009 sojoji suka kuɓutar da Stephen Farrell na New York Times daga hannun Taliban a yankin Kunduz na ƙasar, Sultan Munadi da ke masa tafinta ya mutu a wurin.

Ɗan Rahoto: Malam, da girmanka, a littafi ka karanto. Ka taɓa tsayawa a shingen bincike da baƙo a mota?

Uwar Biyu: To ƙarya ya faɗa? Kai ma biyu kawai ka yi wa aiki.

Sarkin Zolaya: Ku bar faɗa. Direban tasin da ya ɗauko shi daga filin jirgi ma gobe za ku ji shi a labarai: "wata majiya mai tushe".

Tsohon Tafinta: Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Kwana uku a ƙasa, ya zama masani. Ku dubi yadda aka cika Yukiren da wakilai a 2022, sannan ku dubi Sudan tun Afrilun 2023. Miliyoyi sun bar gidajensu, sai ka yi mako ba ka ji ta a kanun labarai ba.

Malam Nazari: Shiga Sudan ɗin ma aiki ne, Baba. Gaza kuwa tun Oktoban 2023 Isra'ila ta hana wakilan waje shiga da kansu, 'yan gida ne suka ɗauki nauyin.

Ƙanin Kowa: Na gode. Maganar sunan fa?

Ɗan Rahoto: Wahalar shiga ba hujja ba ce, Malam. Da Sudan a Turai take, da sun nemo hanya.