Gani ya kori ji: wai kallon waya ma gani ne?

Baban Ummi: Salamu alaikum. Jiya a majalisa musu ya sarƙe tsakanina da ƙanin matata. Ina ba da labarin ruwan Wikki na Yankari, yadda yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa, digiri 31 rani da damina, garai-garai har kana hango yashin ƙasa. Na ce masa gani ya kori ji. Buɗar bakinsa sai ya ce ai shi ma ya gani a waya, kunnen doki muke. Ku raba mu don Allah.

Na Suleja: Wa alaikumussalam. Dutsen Zuma yana jikin tsohuwar takardar naira ɗari, kowa ya sa shi a aljihu. Amma je ka Madalla ka tsaya gindinsa, ka ɗaga kai har hula ta faɗi, sannan ka zo mu yi magana.

Ɗan Kwatarkwashi: Ni fa a wurinmu ba don yawon buɗe ido ake faɗinta ba. Sai an kama mai zuƙi ta malle, ko an je ganin amaryar da aka cika mu da labarinta.

'Yar Agadas: Kun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Mijinta yana bin ayarin gishiri zuwa Balma. Duk dawowa sai ya ce a tsakiyar hamadar Tenere akwai wata itaciyar ƙaya guda ɗaya tal, da rijiya a gefenta, sai ka yi kwanaki kana tafiya ba ka ga wata ba. Kuma madugai ba sa barin raƙumi ya taɓa ganyenta, balle a karyi reshe a dafa shayi. Ita kuwa ta ce tatsuniyar fatake ce. Har ya rasu ba ta yarda ba. A 1973 wani direban babbar mota ya banke itaciyar, duk faɗin hamadar nan! Aka ɗauko gangar jikinta zuwa gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Da kawuna ya kai kaka Yamai ganin likita, ta ce ƙafarta ƙafarsa sai wurin. Ta tsaya gaban busasshen iccen tana hawaye, tana cewa, "Malam, yafe mini." To ta gani ne, ko ba ta gani ba?

Maman Hanifa: Allahu akbar. Yaya, kin sa ni kuka. Allah ya haɗa su a Aljanna.

Sarkin Tasha: Amin. Direban nan da a wajenmu yake, da tuni an ba shi shugabancin kwamitin dashen itatuwa.

Ɗan Kwatarkwashi: Mu shekara takwas muna ji a rediyo an kammala titin garinmu. Nan kam ji ne ya kori gani.

Baban Ummi: Jama'a, har yanzu fa ba ku raba mu ba.

Na Suleja: Ka biya masa kuɗin mota zuwa Bauchi kawai. Amma ya riƙe ledar abincinsa da kyau, biran Yankari ba su da kunya.

Maman Hanifa: Wai mata ma suna shiga ruwan, ko an ware musu lokaci?