Musayar Baiti: Mai Hannu Ɗaya Ko Mai Wuƙa Biyu?

Musu ne kan finafinan takobi na China: Mai Kube yana wasa jarumi Wang Yu a fim ɗin One-Armed Swordsman na darakta Chang Cheh da kamfanin Shaw Brothers na Hong Kong, 'Yar Gora kuma tana wasa jaruma Cheng Pei-pei a fim ɗin Come Drink with Me na darakta King Hu.

Mai Kube:
Ku ba ni fili, Wang Yu nake yabawa,
'Yar malaminsa ta sare hannun dama, ba gazawa,
Guntun takobin uba da hagu yake jawa,
Shaw Brothers, 1967, miliyan fim ɗin ya ci, ba musawa.

'Yar Gora:
Kai Mai Kube, dungu kake wasawa?
Da shekara guda kafin naka ya soma rarrafawa,
Cheng Pei-pei ta shiga masauki da wuƙaƙe biyu,
'Yan fashi sun yi mata zobe, ba mai tsirawa.

Baban Kallo:
Allah ya ƙara basira, Anti! An kwance wa wani zani a kasuwa.

Mai Kube:
'Yar rawa ce taki, tambayi masana,
Rawa ta koya kafin ta san filin fama,
Chang Cheh jini yake zubarwa har gwiwa,
Ke kuma tsalle kan waya kike wa guɗa.

Malam Aruli:
Ku dakata. Mai Kube, wannan baitin ina amsa-amonsa? Na, ma, wa, ɗa, kowane ɗango da alƙiblarsa. Na farkon ma, a karanta 1967 da baki, alif ɗari tara da sittin da bakwai, numfashi ya ƙare kari bai dawo ba.

Mai Kube:
Malam, duk da wasalin "a" suka ƙare. Ita da ta ajiye "biyu" a tsakiyar "wa" ba ka gani ba?

Malam Aruli:
Na gani. Ɗango ɗaya ta yi tuntuɓe, kai baitinka gaba ɗaya sanda yake nema.

Baban Kallo:
Dama gwaninsa hannu ɗaya, waƙarsa ƙafa ɗaya.

'Yar Gora:
Afuwa, jiya caji ya yanke mini.
Jinin da kake taƙama, ai jan fenti ne, Yaya,
King Hu a dajin gora na fim ɗin A Touch of Zen ya sa takobi ya yi magana da iska,
Bikin finafinai na Cannes ya ba shi kambu a 1975, je ka tambaya,
Naka gwanin me ya samo, ban da wankin riga?

Malam Aruli:
Ke ma kin cusa shekara! Yau na ga ta kaina.

Mai Kube:
Malam, ajiye ma'auni ka fito da baitinka. Tun safe gyara kake, ko ɗango ba mu gani ba.