Na sa eriya a saman ɗaki amma sabis bai ƙaru ba, ina zan juya ta?

Mai_POS_Kauye:
Salam 'yan uwa. Don Allah a taimaka min. Ina sana'ar POS da cajin waya a ƙauyenmu, kusan kilomita 9 tsakaninmu da garin da ƙarfen sabis yake. Na sayo rauta mai 4G da eriya irin doguwar nan mai haƙora kamar ta talabijin, na ɗaure ta a bututun ƙarfe saman kwano, na nufi garin da ita da ido kawai, amma har yanzu sanda ɗaya ko biyu take nunawa, ranar kasuwa kuwa sai kwastoma ya tsaya gabana minti 10 kuɗi sun fita a asusunsa rasit bai fito ba, jiya har wani dattijo ya ce in ba shi kuɗinsa ya fasa, wallahi abin ya dame ni. Kuɗina na zubar ko ni ne ban iya saitawa ba?

Baban_Khairat:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka daina kallon sandunan nan, ba su da ma'auni. Haɗa wayarka da wifi ɗin rautar ka shiga shafinta, in Huawei ce yawanci 192.168.8.1 ne, ZTE kuma 192.168.0.1, ka nemo RSRP da SINR. RSRP ƙarfin sabis ne kuma da alamar ragi yake zuwa, wato -85 ya fi -105 nesa ba kusa ba, in ka ga ya kai -115 to da ƙyar kake numfashi. SINR kuma tsabtar sabis ɗin ne, shi so ake ya hau, 13 zuwa sama ka ji daɗi, ƙasa da 0 ko sanda huɗu ka gani da ƙyar wani abu zai buɗe.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya a sama ɗaya a ƙasa da takarda da biro. Ka sassauta kusar, na sama ya juya kaɗan kamar faɗin yatsu uku, ya saki hannunsa ya matsa gefe don jikin mutum ma yana tare sabis, ku jira kamar minti ɗaya lambar ta zauna sannan a rubuta. Haka har ku zagayo gaba ɗaya. Na ce gaba ɗaya fa, don sau da yawa ƙarfen da kake hange ba na kamfanin layinka ba ne, ko kuma fuskar eriyarsu ba ɓangarenku take kallo ba. Ni a gidan surukina sai da muka juya wa garin baya sannan SINR ya tashi daga 2 zuwa 11, ashe wani ƙarfe ne can bayan gonaki.

Kuma bakin da ƙananan haƙora suke shi ne gaba, na sha ganin an ɗaura ta a juye.

Mai_POS_Kauye:
Allah ya saka da alheri Malam. Na duba, RSRP -112, SINR 1. Kebul ɗin kuma na dish ne na haɗa wajen mita 20.

Injiniya_Zariya:
To ai ga ɓarawon nan. Kebul ɗin dish om 75 ne (om ma'auni ne da ake so na kebul ya dace da na na'ura), rauta da eriyar kuwa om 50 suke so, ga tsawo kuma. Ko siririn kebul ɗin nan RG58 da ake sayarwa tare da eriya, a mita 10 kawai zai iya cinye fiye da rabin abin da eriyar ta kamo, don da dB ake auna asarar sabis, kuma duk dB 3 da ka rasa rabin ƙarfi ne ya tafi. Ko dai ka nemi mai kauri irin LMR400, ko kuma abin da na fi so, ka ɗaga rautar kanta kusa da eriyar, cikin akwatin roba a inuwa inda ruwa ba zai shiga ba, kebul ya zama mita 2 ko 3, sai ka sauko da wayar LAN, wato kebul ɗin intanet da ake jonawa a bayan rauta, wadda ita har mita 100 ba ruwanta. Sannan duba bayan rautar, in ramin eriya biyu ne to biyu take so, kuma a saitin ka zaɓi eriyar waje, wasu ba sa komawa da kansu.

Ummu_Sudais:
Ni dai roƙona kar ku hau kwano in hadari ya haɗo, kuma a nisanci wayar wuta. A sa wa bututun nan wayar da za ta sauka cikin ƙasa saboda tsawa, damina ta kusa. Ɗaurin ma a yi shi da kyau, namu iskar farkon damina ce ta juya shi muka yi sati muna zagin layi.

Mai_POS_Kauye:
Alhamdulillah, yau da safe ni da ƙanena muka yi. Na mayar da rautar sama, kebul ya koma mita 3, mun zagaya muna rubutawa, wajen kudu maso gabas muka samu RSRP -97 da SINR 9, na sa fenti a bututun don in gane wurin. Ranar Laraba kasuwa za ta ci, zan dawo in faɗa muku yadda ta kaya. Injiniya, eriya ta biyun dole sai iri ɗaya da wannan?