Baƙo yana roƙon kwana a ɗakin gadi, me zan yi?

Maigadin Gbagada: Salama 'yan'uwa. Ina neman shawara kafin dare. Wani saurayi yana ta zuwa bakin get inda nake gadi a nan Legas. Ya ce tirelar shanu ya biyo daga Arewa, aka sauke shi a kasuwar shanu ta Kara, lambar yayansa kuma ba ta shiga. Abinci na ba shi, kwana yake so. Da na ce ba ni da iko sai ya hau zagi, wai ina jin Hausa amma ba imani. Oga ya yi tafiya, madam da yara ne kawai a gida.

Mama Zumunta: Ɗana, fara ba shi abinci mai zafi. Mai yunwa ba ya jin magana. Ka duba Ibraniyawa 13:2 kan karɓar baƙi.

Ɗan Zuru: Mama ai ya ce ya ci. Ɗan'uwa, ɗakin gadi amana ce, ba a kyauta da kayan wani. Ku zauna a waje inda fitila take. Tambaye shi garinsu, unguwarsu, sunan direban da ya kawo shi. Mai gaskiya amsarsa ɗaya ce ko sau nawa ka tambaya. Lambar yayan kai za ka kira, kada wayarka ta bar hannunka. Da safe ka sa shi a mota zuwa kasuwar Mile 12 wurin Sarkin Hausawa, can ana gano mutum ta 'yan garinsu. In ba shi da lafiya kira lambar gaggawa 112 ko 767. Zagin kuwa kada ka rama, rage murya kawai. Yawanci tsoro ne ke magana.

Baban Yara: Ku bar wannan daɗin baki. Wani maigadi ɗan cocinmu haka ya tausaya wa baƙo, ya shimfiɗa masa tabarma. Da asuba ba baƙo, ba batirin janareta, ba wayarsa. Maigida bai saurare shi ba, sai caji ofis. Aka kamo wanda ya tsaya masa lokacin ɗaukar aiki, dattijo mai hawan jini. Matar maigadin ta sayar da keken ɗinkinta kafin ya fito, aiki ya tafi, albashin watan ma aka riƙe. Waɗanda ke cewa a yi alheri ko ɗaya bai leƙa shi ba. Yanzu dako yake yi a kasuwa.

Malamar Sande Sukul: Abin tausayi ne Baba, amma laifin wani ba ya hawa kan wannan yaron. Ku lura da Basamariyen Luka 10: bai kai mutumin gidansa ba, masauki ya kai shi, ya bar dinari biyu hannun mai masauki. In gida yaron yake so, a saya masa tikiti a tasha, kada a ba shi kuɗi a hannu. A tashar Ijora wajen N40,000 ne.

Ɗan Zuru: Wane 40? A Agege N28,000 an gama.

Mai Albasa: Duk kun yi tsada. Motocin da suka sauke tumatir da albasa a Mile 12 suna komawa. A yi magana da ɗan kamasho, N10,000 ma ya isa, sai dai ya sha iska da rana a baya.

Na Kafanchan: In ana raba tikiti a sa sunana, ni ma lambar yayana ba ta shiga tun Kirsimetin bara 😂

Baban Yara: Malama, da girmamawa, wanda bai taɓa riƙe makullin gidan wani ba bai kamata ya ba maigadi shawara ba. Basamariye da kuɗinsa da dabbarsa. Wannan nawa ne albashinsa?

Malamar Sande Sukul: To Baba sai mu ajiye Littafi Mai Tsarki sai mun zama masu gadi?

Maigadin Gbagada: Don Allah, bai ce zai koma gida ba. Wurin kwanan yau nake tambaya.

Mai Albasa: Ba zai koma ba mana. Yaran nan ana ruɗarsu a ƙauye cewa acaɓa na kawo kuɗi a Legas. Ba wanda ke gaya musu tun Yunin 2022 an hana a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da Mainland da Island, daga baya aka ƙara da Kosofe, Shomolu, Mushin da Oshodi. Babur ɗin da aka kama ma murƙushe shi ake yi.

Baban Yara: Kuma ina kwamitin jin ƙai na coci? Duk wata ana baiko na musamman. A gyara ɗaki ɗaya da tabarma biyar don irin waɗannan baƙi ya gagara, amma an canza kujerun dattawa.

Mama Zumunta: Baban Yara, baikon nan na gwauraye da marayu ne. In kana son lissafi ka zo taron ikilisiya, ba a ganinka sai ranar godiya.

Baban Yara: Zan zo ranar Lahadi. A kawo littafin ma'aji, har da rasit ɗin kujerun.