Neman kalmar Hausa: me za mu kira "biomarker"?

1/ Jama'a, kalma guda ta tsare ni tun shekaranjiya. Ina shirya bayani a kan wasu mutane masu ɗauke da ƙwayar HIV, mai karya garkuwar jiki, waɗanda jikinsu ke danne ta ba tare da sun sha magani ba. Ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari na masu ɗauke da ita ba. In an auna jininsu, ƙwayar ba ta kai 50 a mililita guda ba, wani lokaci na'ura ma ba ta ganinta. Wata Ba'amurkiya, Loreen Willenberg, tun 1992 aka same ta da ƙwayar, ta kuma yi shekaru masu yawa a haka.

2/ Sai dai ba kowa cikinsu ke ɗorewa ba. Wani ya yi shekara goma lafiya lau, sai ƙwayar ta kuɓuce wa garkuwarsa ta fara yawa. Abin da masu bincike ke nema shi ne wani abu a cikin jini da zai tona asiri tun kafin kuɓucewar. Wannan abin su ke kira "biomarker". To mu fa?

3/ Da na tambayi mutane, amsar farko da ta zo, kuma mutum biyar ne suka kawo ta: alama. Na ƙi, ga dalilina. A bakin Bahaushe alamar cuta ita ce zazzaɓi, rama, tari, abin da ido ke gani ko jiki ke ji. Mutanen da muke magana a kai kuwa garau suke. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma nan fuska ba ta da labari. Ka ce wa mutum "a kula da alamomi", zai koma gida ya zauna jiran rama, alhali jininsa ya daɗe da sauyawa.

4/ Bari in faɗi irin sauyin, don mu san abin da muke raɗa wa suna. Masu bincike a Sifaniya sun koma kan jinin da aka adana na irin waɗannan mutane, suka wallafa a 2018 cewa kamar shekara guda kafin kuɓucewar, ƙwayoyin garkuwar da ke farautar HIV sun riga sun yi sanyi, ita ƙwayar ta rarrabu iri-iri, sannan wasu sinadaran kumburi, irin su RANTES, sun hau. A 2021 wasu a cibiyar Ragon ta Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin CD8, masu kashe duk ƙwayar jikin da ta kamu, sun rage hayayyafa da iya kisa tun ƙwayar cutar ba ta bayyana a awo ba. Kun ga abubuwan ba iri ɗaya ba ne: wani sinadari ne, wani ƙwazon ƙwayar garkuwa ne, wani adadi ne kawai. Kalmarmu dole ta ɗauke su duka.

5/ Wata yayata mai aikin ɗakin gwaji ta ce, "Ƙanena, ka ce ma'auni mana, ka huta." Na ce Yaya, ma'auni ai na'urarku ce, sikeli ne, mudu ne. Abin da aka zuba a mudun muke nema. Ta ce to shaida. Shaida ta fi kusa, amma shaida bayan aukuwa take zuwa, kamar sawun ɓarawo. Ta dace da gwajin da ke tabbatar da an kamu, ba ta dace da abin da ke riga aukuwa ba.

6/ Wanda ya fi burge ni wani dattijo ne ya kawo shi. Ya ce, "Yaro, ba ka taɓa ganin hawan sarki ba? Kafin doki ya iso wa kake fara gani?" Zagi! Wallahi ma'anar ta zauna daram: mai tafiya a gaba, wanda ganinsa ke cewa mai abu na tafe. Na yi ta murna har na rubuta shi: zagin jini. Nan na ga matsala. A baki an bambanta zagin sarki da zagin ashar, amma a takarda harafi huɗu ne iri ɗaya, kuma cutar da aka riga aka cika masu ita da tsangwama ba ta bukatar kalmar da za a karanta da ashar. Allah ya ƙara girma, Baba, wannan karon dai mun ajiye.

7/ Inda na tsaya: manuni. Ba baƙuwa ba ce, kullum muna cewa "wannan manuniya ce". Ƙirarta irin ta mabuɗi da ma'auni ce, don haka jam'inta na zuwa da kansa: mabuɗai, ma'aunai, manunai. Manunin jini, manunan jini. In a fitsari aka samo shi, manunin fitsari. In ana maganar su gaba ɗaya, manunin jiki. Adadin ƙwayoyin garkuwa na CD4 manuni ne, yawan ƙwayar cutar a jini manuni ne, sukarin mai ciwon suga ma haka. Wanda ke riga aukuwa kuma, irin na 4/, a ce manuni mai gargaɗi. Yaya ta ce ya yi tsawo. Na ce ta gwada faɗin na Turancin sau uku a jere.

8/ Saura sunan su mutanen. Bature ya kira su "elite controllers", da kalmar "elite" da ke nufin zaɓaɓɓu ko fitattu, ni kuwa ba zan kawo ta haka ba, don kada wani ya ji ya ce shi ma fitacce ne ya ajiye maganinsa. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar a ɗora shi kan magani. A yanzu na rubuta "masu danne ƙwayar da garkuwarsu". 'Yan uwa na Maradi da Damagaram, da ku ke cewa sida, yaya kuke faɗin wannan a asibitocinku?