Bakassi: Tsoro Muka Ji Ko Hankali Muka Yi?

Malamin makaranta, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa bayan la'asar wani ya ce Najeriya ta ba da kai a kan Bakassi, yankin da ta miƙa wa Kamaru. Ni kuwa na tsaya a kan cewa zuwa kotu da zaman sulhu su ma kare ƙasa ne, sun ma fi bindiga riba. Mai ja ya fito.

Tsohon soja, Zuru: Wa alaikumus salam. Malam, ina da ja. Tun ƙarshen 1993, zamanin Abacha, yaranmu ke kwana cikin taɓo da sauro a yankin nan, wasu ba su dawo ba. Kotun Duniya ta yanke hukunci a Oktoban 2002, Obasanjo da Paul Biya na Kamaru suka sa hannu kan yarjejeniyar miƙawa a Greentree ta Amurka a 2006, ran 14 ga Agustan 2008 aka gama miƙawa. Me za mu ce wa iyayen waɗanda suka kwanta dama a can?

Malamin makaranta: Allah ya jiƙansu, Baba. Ba na raina jininsu. Don kada a ƙara zubar da wani nake wannan magana.

Ɗalibin shari'a, Argungu: Baba, a gafarce ni in sa baki. Tun kafin a je kotu aka rasa Bakassi. Akwai yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 da ta sa yankin a ɓangaren Kamaru, ga kuma ta Marwa ta 1975 wadda Gowon da Ahidjo suka sa wa hannu. Lauyoyinmu sun ce ƙasar sarakunan Kalaba ce, Turawa ba su da hurumin ba da ita, sun ce majalisar soja ba ta tabbatar da ta Marwa ba. Kotu ba ta karɓa ba. Kamar rikicin gona ne gaban hakimi: ka yi shekara 20 kana noma, amma in wani ya kawo takarda da shaidu ya nuna layin gamba da kakanni suka dasa, gumin da ka zubar ba ya zama hujja. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ba duka muka rasa ba, kotu ta ƙi layin da Kamaru ta nema a cikin teku.

Ɗan kasuwa, Kamba: Ku bar zancen Kalaba, ku zo nan ƙofar gida. Tsibirin Lete yana cikin Kwara tsakanin Nijar da Benin, kusa da Gaya. Filanin Nijar na kiwo ciki, manoma daga wancan ƙetare na cewa nasu ne. A 1963 abin ya kai har Nijar ta kori ma'aikatan Dahome, wato Benin ta yau, anka rufe iyaka. Daga baya ƙasashen biyu sunka kai kansu kotu da yardar juna. A Yulin 2005 anka ce iyaka ta bi inda ruwa ya fi zurfi, Lete ta faɗa Nijar, tsibirai 16 nata, 9 na Benin. Bayan nan na yi shekaru ina tsallaka gadar Malanbil da buhunan albasa, ban ji ƙarar harsashi ko ɗaya ba.

'Yar Yauri: Alhaji, kai ka tsallaka gada ka dawo gida. Kawuna masunci ne, ya bi ruwan Tafkin Chadi yana ja da baya har ya kafa a Darak. Can ya yi aure, can ya gina bandar kifi, haraji Najeriya yake biya. Hukuncin nan na 2002 ya haɗa da Darak, a Disambar 2003 aka miƙa wa Kamaru. Ya dawo mana da koma ɗaya da tabarma, kwale-kwalen ma sayar da shi ya yi ya samu kuɗin mota. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ta ina yake so ya zama.

Tsohon soja: Kin faɗa, 'yata. Ai ko Majalisar Dattawa a 2007 ta ce ba a bi tsarin mulki ba, tunda ba a kawo mata yarjejeniyar ba.

Ɗalibin shari'a: Wannan gaskiya ne Baba, sashe na 12 suka kafa hujja da shi. Amma Yaya, Greentree ta ce ba za a tilasta wa ɗan Najeriya barin Bakassi ko sauya ƙasa ba, kuma a bar shi da sana'arsa. Laifin na masu sa ido ne da suka sa hannu suka juya baya.

Malamin makaranta: Zancen kawunki ya taɓa ni, ban da amsarsa. Sai dai ku dubi waɗanda suka zaɓi ɗaya hanyar. Habasha da Eritiriya sun gwabza daga 1998 zuwa 2000 a kan garin Badme, dubun-dubatar mutane suka hallaka, ƙarshe dai hukumar shata iyaka ce ta yanke a 2002. Mali da Burkina Faso sun yi yaƙi a Disambar 1985, shekara na zagayowa kotu ta raba musu yankin. Gaban alƙalin da aka guje wa, can aka koma, bayan an cika maƙabarta.

Tsohon soja: Na san yaƙi fiye da kai, Malam, ba na yi wa kowa fatansa. Amma wanda ya je sulhu ba ƙarfi a bayansa, roƙo ya je yi.

Ɗan kasuwa: Ƙarfin ma mun ɗanɗana shi a 2023, da anka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulki. Ba a harba ko ɗaya ba, amma albasata ta ruɓe cikin mota, ƙanwata da ke aure Dosso ta haihu ban je suna ba.

'Yar Yauri: To Malam, na yarda a zauna a yi magana. Abin da nake so in ji, ranar da za a sake zama a kan wata iyaka, ko ta Kamba ko ta Lolo, wa zai ɗauki sarkin ruwa da arɗo ya zaunar da su a ɗakin kafin a sa hannu?