Neman shawara: manhajar da za ta riƙa duba lafiyar fayiloli da dare

Mai Hoto, Argungu:
Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗaukar hoto da bidiyo, yawanci bikin aure da suna. Ina ajiye aikina a faifai biyu da ke jone da wata tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu (wani nau'in Linux), kowane dare manhajar rsync na kwafe na farko zuwa na biyu. Kwanan baya wata hajiya ta zo neman bidiyon auren 'yarta, yana kaiwa wurin kai amarya sai hoton ya daskare. Na faifai na biyu ma haka yake. Abin ya dame ni ƙwarai, don amana ce aka ba ni. Ina so in rubuta 'yar manhaja ta layin umarni wadda cron, mai tayar da ayyuka a kan lokaci, zai riƙa tayarwa da dare, ta lissafa MD5 na kowane fayil, wato lambar shaidar da ake fitarwa daga abin da ke cikinsa, ta ajiye su a jeri, in ta ga bambanci ta sabunta jerin. Ko kuwa fsck kaɗai ya wadatar?

Bazamfare, Gusau:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ƙanena. fsck ba zai yi maka wanga aiki ba. Tsarin faifai yake dubawa, ba ruwansa da abin da ke cikin bidiyo, kuma ba a sa shi gyara faifan da ake aiki a kansa.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar sabunta jeri. In manhajar ta sabunta da kanta, daren farko za ta ga ɓarna, ta rubuta ta a matsayin daidai, dare na biyu ta ce maka lafiya lau. Ka raba aikin gida uku, kowanne da umarninsa: ɗaya ya shigar da sababbin fayiloli cikin jeri, ɗaya ya duba kawai ba tare da ya taɓa komai ba, na uku kuma na amincewa da canji, wanda kai kaɗai za ka buga da hannunka. Mai dubawar nan kawai za ka miƙa wa cron.

Ka riƙa ajiye girman fayil da lokacin da aka taɓa shi tare da lambar shaidarsa. In lambar ta canza, lokacin ma ya canza, wataƙila yaron shagonka ne ya gyara hoto. In lambar ta canza alhali lokaci da girma suna nan yadda suke, to mai yiwuwa faifan ne ya fara cin amanarka. MD5 zai iya kama irin wannan, amma tun 2004 aka nuna ana iya haɗa fayiloli biyu masu lamba ɗaya da gangan, ga shi kuma sha256sum, wanda ke fitar da lambar da ta fi ta MD5 ƙarfi, na cikin Ubuntu ɗinka tuntuni.

'Yar Jega:
Na yarda da Malam. Ƙarin da zan yi, manhajar ta yi shiru in komai lafiya, don saƙon da ke zuwa kullum ba mai karanta shi. Lambar fitarta, wato wadda take bari in ta gama aiki, ta zama 0 in babu matsala, 1 in ta ga bambanci, 2 in ita kanta ta kasa aiki, kamar yadda diff, umarnin kwatanta fayiloli, ke yi. Faifan da aka manta ba a jona ba, kada ta ɗauke shi a matsayin lafiyayye. Sai maganar ɗauke wuta: ta rubuta sabon jeri a fayil na wucin gadi, sai ta gama tukuna ta maye gurbin tsohon da mv. Ka kuma gwada ta da suna irin "Bikin Ɗiyar Alhaji ƙarshe.mp4", mai tazara da ƙugiya, umarnin neman fayiloli find da -print0 zai raba ka da rigimar tazarar.

Mai Hoto, Argungu:
Na gode, Yaya, na gode Malama. To in ta kama ɓarnar, da me zan gyara?

Bazamfare, Gusau:
Da kwafin da lambarsa ta yi daidai da jeri. Don haka ka duba faifan biyu duka, kuma duba ya riga rsync, in lambar fita ba 0 ba ce kada a kwafa komai a daren. Bidiyon aure kuwa, ka haɗa masa par2, wato fayilolin gyara, tun ranar da ka gama tace shi, yana iya cike ɗan abin da ya lalace. Jerin ma ka ajiye kwafinsa a filashi, ka sa a aljihun tebur.